Tsumma Uku na Barakatu

"Ba ni bayarwa," in ji Barakatu, ta jefa makullin motar cikin aljihun rigar aikinta.

Saurayin da ke tsaye gabanta ya sauke hannun da ya miƙo, ya dube ta kamar bai ji daidai ba.

"Malama, motar babana ce. An wanke, na gode. Ba ni makulli, rana ta shanya ta bisa hanya."

"An wanke, ba a goge ba. Mota ba ta barin wurin ga da ruwa a jikinta."

"Alhaji na jirana Garu tun ƙarhe goma."

"To kira shi ka ce mishi minti goma sha biyu."

Baba Karimu, tsohon da ke riƙe da tiyon ruwa, ya turo masa benci da ƙafa. "Zamna, ɗan Alhaji. Jandarma ma sun gwada, ba ta ba su ba."

Wurin wankin yana bakin kwalta a Malanville, kan hanyar da ta nufi gadar Gaya da ke kan iyaka. Rumfar kwano ce da wani tsohon dogon-yaro mai inuwa. Barakatu ta sa aka shigar da baƙar motar ƙarƙashin bishiyar, sannan ta buɗe wani bokiti mai murfi ta ciro tsumma uku, kowanne a ninke. Farin na gilashi ne, shuɗin na jikin mota. Na ukun, wanda launinsa ya daɗe da ɓacewa, na taya ne da ƙarƙashin ƙofofi.

Ta hau kan akwati ta fara daga rufi. Takan shimfiɗa tsumman, ta jawo shi zuwa gare ta a miƙe, ta matse, ta sake shimfiɗawa. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa.

"Mi ya hana rana ta yi wannan aikin?" in ji saurayin. "Ita kyauta take yi."

"Ruwan gulbi ne, da laka a cikinsa ko an tace. In rana ta shanye shi, lakar ta zamna bisa fenti. Kafin ka kai Garu baƙar motar ga ta koma zabuwa."

Ya yi dariya, bai so yi ba. Da ta zo gilashin ƙofar baya, sai ta ga fuskarsa a ciki. Ba motar yake kallo ba. Ta goge wurin sau biyu, abin da ba ta saba yi ba, ta wuce.

Da ta miƙa masa makullin ya duba agogo. "Minti goma sha huɗu."

"Biyun na surutunka ne."

Sunansa Abdurazak, ɗan Alhaji Na-Allah, babban dillalin albasa a kasuwar garin.

Ita kuwa Barakatu 'yar Malam Bukari ce, wanda ya kafa rumfar tun kafin a haife ta. Ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta yi shekara biyu tana karatun shari'a a jami'ar Paraku. Ana cikin haka Malam Bukari ya kwanta ciwon kwana tara ya rasu. 'Yan'uwa suka ce a sayar da wurin. Barakatu ta dawo da jakar littattafanta, ta tura ta ƙarƙashin gadon mahaifiyarta, Inna Mairo, kashegarin sadakar arba'in ta sa rigar aikin ubanta ta fito bakin titi.

An yi magana. An ce 'yar lekol, mai karatun boko, ta koma wankin taya. Direbobi sukan tsaya don su gani da idonsu. Ta bar su suka gani. Wanda ya kawo wasan banza takan amsa masa da Faransanci mai nauyi, sannan ta maimaita masa da yaren Dendi don kada ya ce bai gane ba. Bayan shekara guda magana ta mutu, abin da ya rage shi ne duk mai son motarsa ta yi ƙyalli rumfar Barakatu yake zuwa.

Da la'asar ɗin ranar da Abdurazak ya kawo motar, saƙo ya shigo salularta.

"Assalamu alaikum Madam Tsumma. Alhaji ya yi mini faɗa tun daga Garu har gida. Amma da ya sauka ya tsaya ya gyara hularsa a jikin ƙofar mota. Na ce in sanar da ke."

Ta rubuta: "Wa ya ba ka lambata?"

"Tana rubuce bisa allon rumfarku da jan fenti."

Ta ajiye salular. Can ta sake ɗauka ta rubuta: "Gobe ka bar gaggawa."

Daga nan motar Alhaji Na-Allah ta zama mafi tsabta a garin. Sau uku a mako take zuwa. Baba Karimu yakan zagaya ta yana girgiza kai.

"Motar ga ko ƙuda bai sauka bisanta ba. Mi za mu wanke?"

Rannan sai ga ta da caɓi a gefe guda kawai. Tsohon ya duba, ya ce da Barakatu a gaban mai motar, "Ni da idona na gan shi wajen 'yan shinkafa. Ya wuce kududdufin, ya yi baya, ya shiga."

Abdurazak bai musa ba. Ya naɗe hannun riga ya ce a ba shi tsumma ya taya aiki. Ta ba shi shuɗin. Yana ɗora shi kan ƙofa ya fara murzawa yana zagaye kamar mai wanke faranti. Ta daka masa farin tsumman a bayan hannu.

"Ba a zagaye."

"Ai duk goga ce."

"Komai tsabtar tsumma, wata rana ƙwayar yashi za ta ɓuya a ciki. In ka ja a miƙe, layi ɗaya za ta yi, ido ba ya kama shi. In ka zagaya, duk inda rana ta hito sai ta nuna shi. Kuma tsumman da ya taɓa ƙasa ya gama aikin jiki, ya koma taya. Kuma ba a goga mota busassa. Babana ya koya mini uku ɗin nan kafin in iya karatun sunana."

"To, Malama. Sake nuna mini."

Ta ɗora hannunta kusa da nasa suka ja tare. Sai ya ga bayan hannun nata, duk sabulu ya tsattsaga shi. Kashegari ya ajiye mata gwangwanin man kaɗe a kan murfin bokiti.

"Na gani, Mai Gaggawa," ta rubuta masa. "Hannun ga ba na zobe ba ne, kar ka wahal da kanka."

"Barakata, ni ban tambayi zobe ba. Hannun nake so, yadda yake. Ki shafa safe da yamma."

Ta shafa.

Watanni biyar suna haka. Wata rana bayan azahar, babu mota ko ɗaya, suna zaune kan benci suna cin gyaɗa, ya tambaye ta ko tana kewar Paraku.

"Kullum," ta ce. "Amma da na bari an sayar da wurin ga, da Inna na zaune tana jiran abin da kawunnaina za su aiko. Ni ba ni iya kallon haka."

"In na turo manya gidanku, mi za ki ce?"

Ta ɓare gyaɗa ta ba shi rabi. "Zan ce duk wanda ya ɗauke ni, da rumfar ga zai ɗauka."

"Tana shiga mota?"

"Ba ta shiga. Shi ya sa nake faɗa maka tun yanzu."

Alhaji Na-Allah bai yi fushi ba da ɗansa ya kawo maganar. Ya ce ya san Malam Bukari, mutumin kirki ne, yarinyar ma ba a taɓa jin wani abu game da ita ba. Amma surukarsa ba za ta tsaya bakin titi tana goge motocin abokan cinikinsa ba. Ta bar rumfar, ya buɗe mata shagon atamfa a cikin kasuwa. In ba haka ba, ga Shamsiyya 'yar amininsa, ta gama lise, wato sakandare, tana gida.

Abdurazak ya kawo saƙon yana murna, a ganinsa an ci rabin yaƙi.

"Shago ne babba, Barakata. Da fanka."

"Na faɗa maka tun bisa bencin ga."

"Na sani. Amma ki ba ni lokaci. In ya ga aikinki da kyau, zai sauko. Shi mutum ne mai son abu mai kyau."

Ranar wata Alhamis aka kawo motar, domin kashegari Alhaji zai tafi ɗaurin aure Madekali da manyan 'yan kasuwa. Barakatu ta yi mata aikin da ba ta taɓa yi wa wata mota ba. Har cikin ramin makulli ta busar.

Da hantsin Juma'a tana shanya tsummoki sai ga motar ta dawo da gudu, wasu biyu na bin ta. Alhaji ya fito da babbar rigarsa, abokansa suka fito, masu shan shayi a teburin da ke gefe suka miƙe. Abdurazak ne ya fito a ƙarshe.

"Ke ce 'yar Bukari?" in ji Alhaji. "Zo ki ga aikinki."

Ta matsa. A kan kapo, murfin injin, rana ta haska wasu siraran zane masu yawa, zagaye a kan zagaye, kamar saƙar gizo-gizo. Sun cinye rabin murfin.

Kallo ɗaya ta yi ta san hannun. Ta tuna an yi yayyafi da asuba, irin wanda ke sauko da ƙura. Ta ga yadda abin ya faru kamar tana wurin: mutum ya fito ya ga ɗigo-ɗigo a kan aikinta, ya tsorata kada babansa ya raina, ya fizgo tawul daga igiyar shanya ya murza mota busassa.

Ta ɗago ta dubi Abdurazak. Idonsa na kan takalminsa.

"Ina kwana, Alhaji," ta ce, ta ɗan rusuna. "Wannan ba hannuna ba ne."

"Daga wurinki ta hito jiya. Babu wanda ya taɓa ta."

"Ni ba ni zagaye. Ka tambayi duk wanda ya taɓa kawo mota nan."

"To aljani ne?" Wani cikin abokan ya yi dariya. Alhaji ya gyara rigarsa. "Ba ni son komai naki. Fenti ba ya gagarata. Amma bayan sallar Juma'a yau ki zo gidana ke da uwarki, ki ce kin yi kuskure, magana ta ƙare. Mace da wankin mota, dama ƙarshenta ke nan."

"Zan zo in gaishe ka duk ranar da ka ce, Alhaji. Amma ba ni cewa na yi abin da ban yi ba."

Ta ba Abdurazak lokaci. Ta ƙirga numfashinta har biyar. Bai ɗago ba. Alhaji ya shiga mota, suka tafi.

Baba Karimu ya tofar da goro. "Kin san wanda ya yi."

"Na sani."

"Mi ya hana ki faɗa?"

"Bakinsa ne ya kamata ya faɗa, Baba. In na ƙwato sunana da tona shi gaban ubansa, mi zan aura?"

Kafin azahar saƙo ya shigo.

"Barakata ki yafe mini. So na yi ya ga aikinki yana ƙyalli. Da ya fara faɗa gaban mutane bakina ya mutu. Zan gyara, ki ba ni kwana biyu."

Ta amsa da layi ɗaya: "Ka san abin da nake jira, kuma ka san inda aka faɗi maganar."

Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata.

Dama tun da aka rufe gada motocin Gaya da Doso suka daina ƙetarowa, manyan motocin kaya suka yi layi suna tsatsa a bakin hanya. Motocin 'yan kasuwar gari ne suka riƙe rumfar. Yanzu su ma suka janye, ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya zo ya yi faɗa. Sai dai ta ga motar da ta saba wankewa ta wuce ta gabanta, direban yana kallon wancan gefen titi.

Ta koma wankin babura. 'Yan zemijan, masu haya da babur, suka zama manyan baƙinta, da masu amalanken albasa. Babur ma tsumma uku take yi masa. Wani ɗan zemijan ya ce, "Madam, bar shi haka, yanzu zan shiga caɓi." Ta ce ya shiga da shi a goge.

Inna Mairo ta jure wata guda, sannan ta zaunar da ita bayan sun ci tuwon rana.

"Ɗiyata, kalma ɗaya ce. Ki ce kin yi kuskure. Ni zan raka ki, ni zan durƙusa ma in ana so."

"Inna, in na ce na yi, rumfar ta mutu. Wa zai kawo mota wurin wadda ta amsa da bakinta tana ɓata fenti? Kuma sunan babana ne bisa allon."

"To yaron hwa? An ce an kai goro gidan su Shamsiyya."

Barakatu ta ci gaba da wanke hannu a kwano. "Allah ya sa alheri."

Ta shiga ɗaki ta jawo jakar littattafanta, ta buɗe ɗaya, ta zauna da shi a cinya har aka kira la'asar ba ta juya shafi ba. Sannan ta wanke fuska ta koma rumfa.

Saƙonninsa ba su daina zuwa ba. "Na kasa cin abinci." "Maganar goro ba da yawuna ba ce." "Madam Tsumma, ko zagi ne ki turo." Tana karantawa, ba ta amsawa. Man kaɗen ya ƙare, ta wanke gwangwanin ta zuba sabulu a ciki. Rannan Shamsiyya ta zo a bayan zemijan, ta sa aka tsaya, ta dubi Barakatu daga ɗankwali har silifas.

"Ke ce mai wankin?"

"Ni ce. Babur ɗin za a wanke?"

Shamsiyya ta ce a hankali, "Ko gaisuwa ta gagare shi in ya zo gidanmu. Na zo in ga ko mi ya gani." Ta taɓa kafaɗar mai babur suka wuce.

A wata na huɗu, ranar Asabar da kasuwa ta cika, teburin mai shayi babu wurin zama, sai ga Abdurazak a ƙasa, babu mota. Ya rame. Bai zo wurinta ba. Ya tsaya daidai inda babansa ya tsaya rannan, ya yi sallama da ƙarfi har mutane suka juyo.

"Jama'a, da yawanku kuna nan ranar da Alhaji ya kawo motarsa. Ni na ɓata fentin. Na goge ta busassa da tawul ɗin wanka, ina zagaye, bayan wagga baiwar Allah ta hana ni da bakinta. Ina tsaye aka ɗora mata, na yi shiru don tsoro. Wata huɗu tana biyan abin da na yi. Na faɗa ma Alhaji shekaranjiya, ya ce in bar maganar a gida. Na ce ba a gida aka fara ta ba."

Wani direba ya ce, "Kai, tawul ɗin wanka?" Aka yi dariya. Abdurazak ya tsaya aka gama dariyar a kansa. Daga nan ya tafi rumfunan albasa ya maimaita, ya je tashar mota ya sake maimaitawa.

Barakatu tana durƙushe gaban wani babur duk lokacin nan. Ta gama tayar baya, ta matse tsumman, ta shanya. Da ya dawo da yamma, ƙura har gwiwa, ta turo masa benci da ƙafa.

"Ka daɗe, Mai Gaggawa."

"Na daɗe."

"Mi Alhaji ya ce?"

"Ya karɓe makullin mota da na shago. Ya ba ƙanena Yasin. Ya ce tunda na iya shela, in je in nemi aikin sanƙira."

"Kuma yanzu?"

"Wani manomi a Garu zai ba ni albasa in riƙa kawowa bisa babur. In kina son ɗan dakon albasa, ga ni. In ba ki so, ba ni da bakin magana."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "Ɗago," ta ce. "Kallon takalmin ga ya ishe ni." Da ya ɗago sai ta ga idonsa ya kawo ruwa. Ta miƙa masa farin tsumman, na gilashi, wanda ba ta ba kowa.

Da dare ta rubuta masa: "Man kaɗe ya ƙare tun watan jiya."

Alhaji Na-Allah ya ɗauki mako bakwai. Sannan wata Alhamis ya tuƙo motar da kansa, ya tsaya ƙarƙashin dogon-yaron. Motar ta yi ɗigo-ɗigo fari tun daga rufi har ƙofofi, aikin masu barin rana ta shanya. Ya miƙa makulli, ya zauna kan benci kusa da Baba Karimu.

Aka wanke. Barakatu ta buɗe bokiti ta hau akwati. Alhaji ya bi hannunta da ido tun daga rufi har taya. Da ta zo kan kapo ta ja tsumman a miƙe ta kan zagayen, kamar babu su.

"Ba ya hita?" in ji Alhaji.

"Ba ya hita, Alhaji. Sai an sake fenti."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana juya carbi. "Tun rannan kin san shi ne."

"Na sani."

"Kuma kika bar ni ina ta magana gaban mutane."

"Ɗanka ne. Ba ni ce zan kunyata shi gabanka ba."

Alhaji ya miƙe ya karɓi makulli. Bai ce ta yi haƙuri ba, ita ma ba ta sa rai ba. Sai da ya buɗe ƙofa ya juyo.

"Ki gaya ma Mairo ƙannena na zuwa ranar Lahadi. Amma maganata tana nan. Matar da ke aiki bakin titi ba ta zama cikin gidana. In kin bar rumfa, ɗaki na nan da shago. In ba ki bari ba, ku nemi wurinku."

"Za mu nema, Alhaji. Allah ya ƙara girma."

Ya dube ta, ya dubi allon da ke ɗauke da sunan Malam Bukari. "Kan ubanki gare ki," ya ce, ya ja motarsa.

An ɗaura aure bayan girbin shinkafa, a ƙofar gidan Malam Bukari. Alhaji ya zo, ya zauna a sahun gaba, ya karɓa wa ɗansa, ya tafi kafin a raba goro. Motar da ta ɗauki amarya ta wani tsohon direban Kandi ce da bai taɓa daina zuwa rumfar ba. A bayanta 'yan zemijan sun fi talatin, kowanne babur yana ƙyalli, suna ta busa ƙaho har unguwar da ango ya kama ɗaki biyu. Baba Karimu ne ya goge motar da safe. Amarya ta leƙo ta taga da lalle a hannu ta ce ya manta ƙarƙashin madubi.

Inna Mairo ta riƙe kawunansu biyu ta yi addu'a. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya sa gaskiya ta zamna tsakaninku ko da ta yi ɗaci. Kai kuma, Allah ya buɗe maka baki da wuri." Mata suka ce amin suna dariya, ango ma ya ce amin.

Kwana bakwai Barakatu ta yi a ɗaki. Ran na takwas Abdurazak ya sauke ta a rumfa bisa babur ɗinsa mai warin albasa, ya wuce Garu.

Rabin motocin da suka tafi ba su dawo ba. Har yau akwai masu ce mata wadda ta ɓata motar Alhaji, domin sun ji zargin, ba su ji shelar ba. Shagon albasa yana hannun Yasin. Uwar mijinta ba ta taɓa taka ɗakinta ba, sai dai aike ranar salla. Jakar littattafan ta koma ƙarƙashin wani gadon, ba ta koma Paraku ba. Abin da tsayuwarta ta ci ke nan, ta kuma sani tun ranar da ta ce ba hannunta ba ne.

Alhaji bai sake fentin ba. Duk Alhamis motar tana zuwa, Barakatu ta shigar da ita inuwa, ta buɗe bokiti, ta fara daga rufi.